Da wa wayar take magana? Darasin adireshi daga Azare da Katagum

Duk ma'aikacin da ya taɓa aika takarda daga Abuja zuwa arewacin Jihar Bauchi ya san cewa rubuta "Katagum" kaɗai a bayan ambulan ba ya wadatarwa. Hedikwatar Ƙaramar Hukumar Katagum tana Azare. Garin Katagum kuwa, wanda Malam Zaki ya kafa a farkon ƙarni na 19 a bakin kogin Jama'are, yana can kimanin kilomita 70 arewa da Azare, kuma shi ne hedikwatar wata ƙaramar hukuma dabam, wato Zaki. Fadar Sarkin Katagum ma tana Azare tun da aka ɗauke gadon sarautar daga tsohon garin a zamanin Turawa. Sunan ɗaya ne, amma wurin da ake nufi ya danganta da mai maganar da inda yake tsaye. Direban da aka ce ya kai saƙo Katagum, idan bai yi tambaya ba, zai iya ƙona mai ya isa inda babu mai jiran sa.

Irin wannan ruɗani ne ke fara tare matashin da ya zauna koyon gina manhajar waya. Ya rubuta manhajarsa, ya kunna sashen da ke ajiye bayanai a kwamfutarsa, ya duba ya ga komai na tafiya daidai. Yana ɗora manhajar a wayar da ke gefen kwamfutar, tazarar da ba ta kai kamu ɗaya ba, sai ta yi ta juyi, daga ƙarshe ta ce ta kasa samun wanda take nema. Galibi babu abin da ya lalace. Adireshin da aka ba ta ne ke nufin wani wuri dabam da zarar ya fito daga bakinta.

Mai karatu zai iya cewa wannan damuwar magina manhaja ce, me ya haɗa ta da darakta ko mataimaki na musamman da ke Sakatariyar Tarayya? Abin da ya haɗa su shi ne, duk manhajar da ma'aikata za su karɓa daga hannun ɗan kwangila, ta rajistar manoma ce ko ta bayanan marasa lafiya, sai da ta bi ta wannan mataki. Ƙofofin da aka buɗe mata a lokacin gwaji, idan ba a rufe su ba kafin a miƙa ta, su ne ke zama hanyar da manhajar za ta mutu a hannun jama'a, ko kuma bayanan jama'ar su tsiyaye.

Rabin da ido ba ya gani

Abin da ke fuskar waya rabin aikin ne. Misalinsa teburin magatakarda ne a ofis: nan ake karɓar takarda, nan ake ba da amsa, amma fayilolin suna can ɗakin ajiya. Ɗakin ajiyar manhaja shi ne kwamfutar da ake kira uwar garke, wadda ke riƙe da rumbun bayanai, take tantance wanda ya shigo, take yanke abin da za a nuna wa kowa. Duk lokacin da aka latsa maɓalli, waya na aika ɗan saƙo zuwa wani adireshi, ta jira amsa.

Idan an gama aiki, uwar garken takan zauna a wata cibiyar ajiyar bayanai, kamar ta kamfanin gwamnati na Galaxy Backbone a Abuja, ko wadda aka yi haya a hannun manyan kamfanonin waje. Amma yayin da ake cikin gini, mai aikin yakan kunna kwafinta ne a kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka. A nan zai iya rushewa ya sake ginawa sau ɗari a yini ba tare da ya taɓa bayanan kowa ba, ba ya biyan kuɗin haya, kuma muddin ya riga ya sauke kayan aikinsa, ba ya buƙatar intanet.

Wannan fa'ida ta ƙarshe ita ce ta fi nauyi a gari irin Azare.

Abin da ya sa ya fi muhimmanci a Azare

Ƙasar Katagum ta daɗe tana ba gwamnatin tarayya manyan ma'aikata. Alhaji Sule Katagum ya shugabanci Hukumar Ɗaukar Ma'aikatan Tarayya har zuwa 1975. Alhaji Aminu Saleh ya riƙe muƙamin Sakataren Gwamnatin Tarayya a zamanin Janar Sani Abacha. Alhaji Mahmud Yayale Ahmed, ɗan Shira, ya yi Shugaban Ma'aikatan Tarayya, daga baya shi ma ya zama Sakataren Gwamnati. Alƙalami da fayil ne kayan aikin wancan zamani. Jikokinsu kuwa sun taso sun tarar fayil ɗin yana komawa cikin waya.

Azare gari ne na ɗalibai. Akwai Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh, akwai Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya da aka kafa a 2021, ga babban asibitin tarayya, ga kuma Jami'ar Sa'adu Zungur a Gadau, ba nisa. A ƙarshen 2023 Ministan Sadarwa Bosun Tijani ya ƙaddamar da shirin 3MTT na horar da matasa miliyan uku a fannin fasahar zamani, wanda ya fara da mutum 30,000 daga dukkan jihohi, kuma gina manhaja na cikin darussansa. Saboda haka mai koyo ba ya rasa ƙofar shiga. Abin da yake rasawa shi ne wuta da data masu ɗorewa.

A watan Oktoban 2024 mafi yawan jihohin Arewa, har da Bauchi, sun shafe fiye da mako guda cikin duhu, bayan da layin wuta na Ugwuaji zuwa Apir ya samu matsala alhali na Shiroro zuwa Kaduna yana lalace. A ranar 14 ga Maris na shekarar, katsewar wasu manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku ta durƙusar da sadarwa a ƙasashen Afirka ta Yamma da dama. A Janairun 2025 kuma hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗin kira da na data har zuwa kashi 50 cikin ɗari. Wanda duk gwajinsa sai ya bi ta uwar garken da ke Turai, kowanne daga cikin waɗannan ya isa ya tsayar da shi. Wanda ya iya haɗa wayarsa da kwamfutarsa kai tsaye, batirin kwamfuta da ɗan faifan sola sun ishe shi ya ci gaba.

Kowa da gidansa

Tushen matsalar kalma ce guda, localhost, wadda lambarta ita ce 127.0.0.1. Ma'anarta a wurin kowace na'ura ita ce "ni kaina". Idan kwamfuta ta faɗe ta, kanta take nufi. Idan waya ta faɗe ta, ita ma kanta take nufi. Kamar kalmar "gida" ce: mutum biyu za su ce sun tafi gida, ɗaya ya nufi Azare, ɗaya ya nufi Jama'are. To, mai koyo yakan rubuta localhost a manhajarsa domin ya ga ta yi aiki a kwamfuta. Da manhajar ta koma waya, sai wayar ta shiga neman uwar garke a cikin kanta, inda babu ita.

Hanyoyi uku ne aka fi bi wajen warware wannan.

Ta farko ita ce wayar kwaikwayo, wato hoton waya da ke aiki a cikin kwamfutar. Ta Android tana ɗaukar kanta a matsayin na'ura mai zaman kanta, don haka Google ya ware mata lamba ta musamman, 10.0.2.2, wadda ke nufin "kwamfutar da nake cikinta". Ta iPhone kuwa, wadda sai a kwamfutar Mac take aiki, hanyar sadarwarta ɗaya ce da ta kwamfutar, shi ya sa localhost ke yi mata aiki yadda yake. Aibin wannan hanya shi ne nauyi. Wayar kwaikwayo na cin ƙwaƙwalwa da batiri, kuma kwamfutar gwanjo mai gigabayit 4, irin wadda ɗalibi ke iya saye, da kyar take ɗaukar ta.

Ta biyu ita ce waya ta gaske da kebul ɗin caji mai ɗaukar bayanai. Ana shiga saitin wayar Android a latsa lambar sigarta sau bakwai, sai sashen magina manhaja ya bayyana, a kunna izinin gwaji ta USB. Daga nan a rubuta umarni guda a kwamfuta: adb reverse tcp:8000 tcp:8000. Abin da yake cewa shi ne, duk saƙon da wayar ta aika wa kanta ta ƙofa mai lamba 8000, a bi da shi ta kebul a kai wa kwamfuta. Umarnin na aiki tun daga Android 5.0 ta 2014. Ba ya buƙatar Wi-Fi, ba ya cin data, kuma wayar na shan caji yayin da ake aiki. Sai dai da zarar an zare kebul, hanyar ta rufe, sai an sake rubuta shi. Ga mai ƙaramin ƙarfi, da wuya a samu hanyar da ta fi wannan.

Ta uku ita ce haɗa waya da kwamfuta a kan Wi-Fi ɗaya, ko na na'urar rarraba intanet, ko wanda wata waya ke rabawa. A mafi yawan wayoyin Android wannan ƙaramar mahaɗa na aiki ko da babu data a layin, domin saƙon ba ya fita daga ɗakin. A nan sai an nemo lambar da aka ba kwamfutar, wadda umarnin ipconfig ke nunawa a Windows, kuma yawanci takan fara da 192.168. Lambobi masu wannan farko, da masu farawa da 10, da wani sashe na masu farawa da 172, an keɓe su ne tun 1996 domin amfanin cikin gida. Ba a iya kiran su daga waje, kuma gidaje dubu na iya amfani da lamba ɗaya ba tare da an yi karo ba. Suna kuma sauyawa: lambar da kwamfuta ta samu yau ba lallai ta same ta gobe ba.

Masu gadi a hanya

Samun adireshi daidai bai gama magana ba. Manyan kayan gina uwar garke irin su Django da Laravel, idan aka kunna su don gwaji, suna sauraron 127.0.0.1 ne kawai a ƙofa ta 8000, wato ba sa amsa sallamar kowa sai ta kwamfutar da suke ciki. Mai son waya ta iso ta Wi-Fi sai ya umarce su da su saurari 0.0.0.0, ma'ana kowace hanya da kwamfutar ke da ita. Bayan haka akwai katangar tsaron Windows, wadda ke tare baƙon saƙo sai an ba shi izini. Wi-Fi na otal da na wasu ofisoshi kuma an tsara su yadda na'urorin da ke kansu ba sa ganin juna, don haka ko an yi komai daidai, waya ba za ta ga kwamfuta ba.

Mai gadi na ƙarshe yana cikin wayar. Saƙon da ke tafiya ta adireshi mai farawa da http a buɗe yake, duk wanda ya tare hanya zai karanta shi. Mai farawa da https kuwa a kulle yake tafiya. Tun daga iOS 9 ta 2015 kamfanin Apple ya sa manhajoji su ƙi buɗaɗɗen saƙo sai an nemi togaciya, Google ma ya bi sahu a Android 9 ta 2018. Uwar garken gwaji kuwa galibi ba ta da makullin. Dole mai gini ya rubuta togaciyar. Hanyar kirki ita ce a taƙaita ta ga adireshin gwaji, a kuma ajiye ta a sigar gwaji kaɗai, abin da dukkan tsarukan biyu suka tanadar. Hanyar gaggawa ita ce layi ɗaya da ke cewa a bar kowane buɗaɗɗen saƙo ya wuce zuwa ko'ina. Mai koyon da ya gaji da dare, ita yakan ɗauka, da niyyar zai gyara daga baya.

Ƙofar da aka manta a buɗe

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kowane ɗaya daga cikin matakan da aka lissafa tsaga ce da aka yi da gangan domin aiki ya yiwu, kuma kowacce tana da illarta idan ta bi manhajar zuwa hannun jama'a.

Idan lambar cikin gida ta maƙale a sigar da aka raba, manhajar za ta yi aiki a ofishin ɗan kwangila kaɗai. A ɗakin taro, inda kwamfutarsa ke kan tebur, komai zai tafi kamar ruwa, a yi tafi, a sa hannu. Ranar da aka raba wayoyin ga ma'aikatan da za su fita ƙauyuka, babu wadda za ta buɗe. Idan togaciyar buɗaɗɗen saƙo ce ta maƙale, sunan mai shiga da kalmar sirrinsa za su riƙa yawo tsirara a kan kowane Wi-Fi. Idan kuma uwar garken gwajin ce aka bari tana sauraron kowa a kan Wi-Fi na ma'aikata, duk wanda ke ginin zai iya leƙa ta. Masu Django da kansu sun yi gargaɗi a rubuce cewa uwar garkensu ta gwaji ba a yi ta don aikin gaske ba.

Akwai kuma wata dabara da ta fi waɗannan jan hankali. Idan mai gini yana Azare, wanda ya ba shi aiki yana Abuja, kuma ana so a ga inda aka kwana, akan yi amfani da kayan aiki irin su ngrok ko Cloudflare Tunnel, waɗanda ke haƙa hanya daga intanet kai tsaye zuwa cikin kwamfutar mai ginin, su ba shi adireshin da kowa a duniya zai iya buɗewa. Don nuni na awa ɗaya, abu ne mai amfani ƙwarai. Haɗarin shi ne a saba, a wayi gari manhajar hukuma tana dogara da kwamfutar mutum ɗaya, wadda ke kwana a jakarsa, take mutuwa idan batiri ya ƙare.

Duk waɗannan da sauƙi idan bayanan gwajin na bogi ne. Abin da ke mayar da su babban lamari shi ne ɗabi'ar kwafo bayanan gaske a ba mai gini "don ya gwada da su". Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2023, ta sanya bayanan lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman. Ta wajabta a sanar da hukumar NDPC cikin awa 72 idan an samu ɓarakar da ka iya cutar da masu bayanan. Ga manyan masu riƙe da bayanai, tarar na iya kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa. Alhakin yana kan hukumar da ta tattara bayanan, ko da kuwa a kwamfutar ɗan kwangila suka ɓace. A gari mai jami'ar lafiya da babban asibiti, inda kowa ya san kowa, fayil ɗaya na sakamakon gwajin jini da ya fita ya isa ya raba aure.

Abin koyi ba ya da nisa. Manhajar DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ta Norway ke kula da ita, kuma Najeriya ke tattara alƙaluman lafiya da ita, tana da uwar garken gwaji a fili mai ɗauke da bayanan ƙirƙira, domin mai koyo ya yi wasa da su yadda ya so. Manhajarta ta Android tana tambayar adireshin uwar garke tun a shafin shiga, don haka mai amfani da ita ya san da wa yake magana.

Saurin tebur ba saurin ƙauye ba ne

Gwaji a kan tebur yana da wani ruɗi. Tsakanin waya da kwamfutar da ke gefenta, saƙo na zuwa ya dawo kafin ƙiftawar ido, kuma ba ya ɓacewa a hanya. Ma'aikaciyar lafiyar da ke wani ƙauye a ƙasar Zaki da damina ba haka take gani ba: sabis na zuwa yana ɗaukewa, saƙo ya fita ya rasa amsa, ta sake latsawa, a rubuta yaro ɗaya sau biyu. Wayar kwaikwayo ta Android tana da wurin da ake rage saurin sadarwa zuwa irin na tsohon layi, kuma wanda ke gwaji da kebul zai iya zare shi a tsakiyar aiki ya ga abin da manhajar za ta yi. Manhajoji irin su DHIS2 da ODK sun samu karɓuwa a aikin lafiya na Arewa ne saboda suna ajiye abin da aka shigar a cikin waya, su aika idan sabis ya dawo. A wannan fanni maginin da ke zaune a Azare ya fi na Maitama sanin abin da zai gwada, domin a cikinsa yake rayuwa.

Abin da jami'i zai tambaya

Ma'aikatu da hukumomin tarayya na neman sahalewar NITDA kafin su fara manyan ayyukan fasahar sadarwa, amma ranar karɓar aiki jami'in da ke ɗakin ne mai gani da ido. Ba sai ya iya rubuta manhaja ba kafin ya yi tambayoyin da suka dace. Wannan waya da ake nuna mana, da wace uwar garke take magana, kuma ina take zaune? Adireshin da https ya fara? Sigar gwaji da sigar da za a raba dabam suke, kuma wa ke riƙe da makullin kowacce? Bayanan da aka yi gwaji da su na wane ne, kuma kwamfutoci nawa suka kwana a ciki? Idan sabis ya ɗauke ana tsakiyar cike fom, ina abin da aka rubuta yake tafiya?

Akwai gwaji ɗaya da bai buƙatar kowane ilimi. A ce wa ɗan kwangila ya rufe kwamfutarsa ya sa a jaka, a kashe Wi-Fi na ɗakin, a sauke manhajar a wayar wani ma'aikaci, a buɗe ta da datar layinsa. Idan ta yi aiki, an tsallake siraɗin farko. Na biyu shi ne a aika wayar can inda za a yi amfani da ita, a bar ma'aikatan wurin su yi mako guda da ita kafin a sa hannu a takardar kammala aiki. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma kuɗin motar Azare zuwa Katagum bai kai ko kusa da na sake bayar da kwangila ba.